Yadda ake ɗora babur mai ƙafa huɗu a bayan a-kori-kura a kai shi lafiya

Babur mai ƙafa huɗu ba na kwalta ba ne. Tayoyinsa masu laushi an yi su ne domin yashi da laka da kunyar gona, kuma kamfanonin da ke ƙera shi da kansu suna hana a hau titi da shi. Saboda haka duk wanda ya mallake shi, ko don zagayen gona, ko duba garke, ko wasa a tudun yashi, dole wata rana ya ɗora shi a mota. Wanda ba shi da tirela kuwa, a-kori-kura ce mafitarsa.

Yawancin ɓarnar wannan aiki tana faruwa ne tun kafin mota ta motsa: a 'yan mitoci ukun da ke tsakanin ƙasa da bodi, da kuma a kan ƙofar baya, wadda ba a ƙera ta don ta riƙe rabin nauyin babur ba. A waɗannan wurare biyu za mu fi daɗewa.

Awo tukuna

Ɗauko tef ka auna babur ɗin: faɗinsa daga bayan taya zuwa bayan taya, tsawonsa daga bamba zuwa ƙarshen kariyar ɗaukar kaya ta baya, da nisan da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar ta baya. Manyan baburan aiki irin su Honda Rancher 420 da Yamaha Grizzly 700 faɗinsu wajen mita 1.2 ne, tsawonsu wajen mita 2.1, tsakanin tayoyinsu kuma wajen mita 1.25. Rancher yana tsakanin kilo 260 da 310 gwargwadon samfurinsa, Grizzly ya ɗan haura kilo 300. Ƙananan na yara masu inji 110 ba su wuce kilo 100 da 'yan kai ba, su ba su da wahala.

Sai ka koma kan motar. Hilux mai ƙofa huɗu tsawon bodinta wajen mita 1.5 ne kawai, mai ƙofa biyu kuwa wajen mita 2.3. A mai ƙofa biyu babur zai shige gaba ɗaya har a rufe ƙofar baya. A mai ƙofa huɗu ba zai shige ba, lissafin ma ya nuna: daga hancin babur zuwa inda tayar baya ke taɓa ƙasa ya kai wajen mita 1.65, bodi kuma ya ƙare a 1.5. Ke nan tayoyin baya a kan ƙofa za su zauna tun daga gida har inda za a je.

Awo na biyu da ake mantawa shi ne tsakanin tudun tayoyin nan biyu da ke cikin bodi. A Hilux da takwarorinta wajen mita 1.1 ne, babur kuma 1.2. Ba zai ratsa tsakaninsu ba, sai dai tayoyin gaba su hau kansu. Manyan a-kori-kura na Amurka irin su Ford F-150 an bar musu fiye da mita 1.2 a wurin, shi ya sa a can babur ke shigewa salin-alin. Maganin a nan shi ne kafinta ya yi maka dandamali na katako a gaban tudun da bayansa, tsayinsa daidai da tudun, bakinsa a gangare, yadda taya za ta hau a hankali ta zauna a kan shimfiɗa mai faɗi.

Nauyi shi ne na uku. Akwai takarda a jikin madogarar ƙofar direba ko a littafin mota da ke faɗin iyakar abin da za ta ɗauka. Hilux tana kusan tan 1, amma lissafin ya haɗa da direba da fasinja. Babur kilo 320, gadar da ake hawar da shi 25, mutum huɗu 300, jarkar fetur biyu masu lita 25 wajen kilo 40: an riga an kai 685 kafin a saka buhu ko ɗaya. Irin baburan nan masu sitiyari da kujeru biyu gefe da gefe kuwa, yawancinsu sun haura rabin tan, kuma sun fi bodi faɗi. Su tirela ce tasu.

Ƙofar baya

Abin da ke riƙe ƙofar baya idan an sauke ta waya biyu ne na ƙarfe, ko sanduna biyu masu naɗewa, sai hinji a ƙasa. Wayar tana lulluɓe da roba, ruwa yana shiga ta ƙarƙashin robar, tsatsa ta ci ta ciki alhali daga waje tana nan kamar sabuwa. A shekarar 2004 kamfanin General Motors ya janye a-kori-kura kusan miliyan 4 saboda wannan matsalar. Don haka ka lanƙwasa kowace waya da hannu ka duba: idan robar ta tsage, ko ta kumbura, ko jan ruwan tsatsa yana fitowa, canza duka biyun kafin ka ɗora komai. Duba kusoshin da suka riƙe su ma.

Ko da wayoyin lafiyayyu ne, kilo 150 da ke tsaye a kan ƙofa ba kilo 150 ba ne idan mota ta faɗa rami, yana iya ninkawa a wannan ƙiftawar idon. Abin yi shi ne a shimfiɗa katako biyu masu kaurin inci 2 da faɗin inci 12, kowanne a layin taya, tun daga cikin bodi har bakin ƙofa. Tsawon katakon ya kasance mafi yawansa yana cikin bodi, a kuma ɗaure shi da dandamalin da kusoshi, yadda nauyin tayar baya zai rarrabu ya koma kan benen bodi. Filawud mai kaurin milimita 18 a ƙarƙashinsu yana ƙara taimakawa, yana kuma hana tsakiyar ƙofa lotsawa.

Gada

Gada ita ce ƙarfe ko katakon da ake jinginawa daga ƙasa zuwa bakin ƙofa. Abu biyu ake nema a gare ta: ƙarfi da tsawo.

Ƙarfinta ya wuce nauyin babur da mahayinsa da rata mai kyau. Babur kilo 320 da mutum mai kilo 80 sun yi 400, to a nemi gadar da aka rubuta mata kilo 600 ko sama. Ka karanta da kyau ko adadin na guda ɗaya ne ko na biyun a haɗe, domin masu sayarwa sukan rubuta na biyun.

Tsawo kuwa shi ke yanke hukuncin tsananin hawan. Bakin ƙofar Hilux mai jan ƙafa huɗu yana wajen santimita 85 daga ƙasa. Gada mai mita 1.8 a wannan tsayin tana ba da gangare na digiri 28, wanda ya isa ya ɗaga hancin babur ya kifo da shi a kan mahayi. Mai mita 2.1 tana ba da digiri 24, mai mita 3 kuma ƙasa da digiri 17. Ƙa'idar da muke bi mai sauƙi ce: tsawon gada ya kai ninki uku na tsayin ƙofa. Idan ƙofa santimita 85 ce, gada kada ta gaza mita 2.55.

Idan gadarka gajeriya ce, rage tsayin motar. Ja da baya har tayoyinta na baya su shiga ɗan kwari, ko ka kai bakin ƙofa kusa da tudu ko dakali, yadda ƙafar gada za ta zauna a sama. Idan tsayin ya sauko zuwa santimita 50, gadar nan mai mita 2.1 ta koma digiri 14. Wannan dabarar ta fi duk wata ƙwarewar tuƙi amfani, kuma ba ta cin ko sisi. Sharaɗinta ɗaya ne: motar kada ta karkata gefe.

Gadar alminiyam ta kanti mai ɗan doro a sama ta fi miƙaƙƙiya, domin doron yana hana cikin babur karo da bakin ƙofa. Wanda zai yi ta katako, ya nemi mai kaurin inci 2 da faɗin inci 12, busasshe, marar gaɓa ko tsaga. A buga masa ƙananan katakai a gicciye kowane santimita 15 zuwa 20 don taya ta sami abin kamawa, mai walda ya yi masa leɓe na ƙarfe a kai wanda zai kwanta a kan ƙofa, a kuma tokare tsakiyarsa da bulo ko kututture. Katako sumul da aka jingina haka kawai, da shi da tarko duk ɗaya ne.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci: a ɗaure gada da mota. Lokacin da tayoyin gaba suka hau bodi, na baya suna kan gada suna tura ta baya da dukkan ƙarfin inji. Gadar da ba a ɗaure ba sai ta zame daga bakin ƙofa, bayan babur ya faɗo, gabansa na sama, ya juyo a kan mutum. Kowace gada tana buƙatar nata bel ɗin ɗaure kaya, daga matakinta na uku ko na huɗu zuwa ƙarfen jan tirela ko shasin mota, a tamke har leɓen ya manne da ƙofa. Kada a ɗaure a jikin ƙofar kanta ko robar bamba. Bayan an tamke, ka sa ƙafa ka tura gadar baya da ƙarfi. Idan ta motsa, ba ta ɗauru ba. Tazarar gadojin biyu kuma a auna ta da tef daidai da tsakiyar tayoyin babur, kada a yi ta da ido.

Hawa

Kashe motar, ja birkin hannu, saka ta a giya, ka sa dutse a gaba da bayan taya ɗaya. Share bodi tas. A can gaba, jikin bangon da ke bayan gilashi, ajiye kututture ko katako mai kauri a gicciye inda tayoyin gaba za su tsaya, a auna yadda zai tare su alhali saura aƙalla santimita 10 tsakanin bambar babur da gilashi. Tsohuwar taya a tsaye a jikin bangon ƙarin kariya ce. Gilashin baya yana da saurin fashewa a wannan aiki.

Wanke laka daga tayoyin babur, domin laka a kan alminiyam santsi ne kamar kuɓewa. Sauke duk kayan da ke kan kariya, musamman ta baya. Sa hular kwano da takalmi rufaffe. Mataimaki ya tsaya a gefe inda yake ganin tayoyin duka, kada kowa ya tsaya a bayan gada, yara kuma a kore su nesa.

Tayar da inji ya yi ɗumi, don injin sanyi yakan mutu a tsakiyar hawa. Saka jan ƙafa huɗu da ƙaramar giya. Daidaita babur ya fuskanci gada sak tun daga nisan mita 2 ko 3, domin a kan gada ba a gyara kai. Miƙe a kan matakan ƙafa, ka kwanto da ƙirji wajen kan babur, ka danna totur da babban yatsa a hankali, ka riƙe shi a wuri ɗaya. Gudun tafiyar ƙafa ya isa. Ɗibar gudu daga nesa shi ke kai mutum cikin gilashi, ƙara wuta kwatsam a tsakiya kuma shi ke ɗaga hanci.

Idan babur ya tsaya a tsakiyar gada, kada ka danna totur don ka ƙwace. Kama birkin gaba, jikinka na nan a gaba, ka sassauta kaɗan-kaɗan ya gangaro ƙasa, ka sake daga farko. Taka birkin baya da ƙarfi yayin da babur ke komawa baya yana kifar da shi. A jan ƙafa huɗu tayoyin duka a haɗe suke, kowane birki ka kama yana kama dukkansu, saboda haka a yi shi da taushi.

Da zarar tayoyin baya sun hau ƙofa, saki totur. Idan akwai tudun taya a gabanka kuma ba ka yi dandamali ba, nan ne wuri na biyu mai haɗari: taya ta tokare, mahayi ya ƙara wuta, ta haye ta yi tsalle. Gara ka sauka, ka fitar da giya, mutum biyu su tura shi da hannu.

Duk wanda gabansa ke faɗuwa da hawan, kada ya hau. Idan babur yana da winci a gaba, wato ɗan injin da ke naɗe waya yana jan kaya, a maƙala ƙugiyarsa a zobe mai ƙarfi a gaban bodi, a bar inji yana aiki don kada batir ya mutu, a tsaya a gefe a ja shi sama. Babur da ya ƙi tashi ma haka ake yi masa, ko da cen-bulok, mutum ɗaya a gefe yana riƙe da kai da birki.

Ɗauri

Saka giyar tsayawa idan akwai, ko giya ta ɗaya, ka kulle birki, ka zare makulli. Babur mai kafireta a rufe masa famfon mai, domin girgizar hanya tana sa allurar kafireta ta riƙa sakin fetur, ya malala ko ya gangara cikin baƙin mai. Duba kujera ta kama sosai, iska takan ɗauke ta.

Birki ba ɗauri ba ne. Ƙa'idojin ɗaure kaya na Turai da na Amurka sun yi lissafin cewa a taka birki mai tsanani kaya suna turawa gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, gefe da baya kuma da rabi. Babur mai kilo 300 zai tura da ƙarfin kilo 240 wajen kan direba. Robar tib da ake ɗaure kaya da ita a kan babur ɗin haya ba ta da wuri a nan, igiyar nailan ma tana miƙewa. Abin da ake buƙata bel huɗu ne masu hannun ƙarfe da ake lanƙwasawa suna tamkewa. A jikin kowanne akwai tambari mai adadi biyu, ƙarfin aiki da ƙarfin tsinkewa. Na aikin shi ne abin dubawa, yawanci sulusin na tsinkewa ne. Nemi mai ƙarfin aiki kilo 400 ko sama, faɗin milimita 35 ya fi kwanciyar rai. Bel da rana ta cinye har ya koɗe, ko ya yanke a gefe, ko aka ƙulla shi, a jefar.

A jikin babur, shasi ake kamawa, ko ƙarfen jan kaya na baya. Ban da kan babur, ban da kariya, ban da sandunan juya taya, sandar da ke kai wuta ga taya da bututun birki. Wayar winci ma ba ta ɗauri ba ce, fizgar hanya tana lalata haƙoransa. A jikin mota kuwa, ƙananan ƙugiyoyin da ke wajen bodi na igiyar tamfol ne. Yi amfani da zobban ciki, idan kuma babu ko sun yi siriri, a huda a saka zobba huɗu da kusoshi masu milimita 10 da faranti na ƙarfe ta ƙasa, a lura da tankin mai da wayoyi kafin a huda.

Bel biyu na gaba su ja gaba da ƙasa, kowanne zuwa kusurwarsa. Biyu na baya su ja baya da ƙasa, su ne masu riƙe babur idan an taka birki. A mota mai ƙofa huɗu akwai wata matsala da mutane da yawa ba sa lura da ita: bayan babur ya wuce zobban baya, saboda haka bel da aka ɗauro daga bayansa zuwa waɗannan zobba, gaba yake ja, sai ya zama duka huɗun hanya ɗaya suke ja. Gyaran shi ne a kamo shasi daga tsakiya, kusa da matakan ƙafa, a jawo baya zuwa zobban, ko a saukar da bel daga ƙarfen jan kayan babur zuwa ƙarfen jan tirelar mota, a sa tsumma mai kauri inda ya ratsa bakin ƙofa.

Tamke su bi da bi, kaɗan-kaɗan, don kada babur ya karkata. Ci gaba har shokozoba ta dannu kamar santimita 3 zuwa 5. Dalilin shi ne idan ba a danne ta ba, mota na faɗawa rami babur zai nutse, bel ya saki, ƙugiya ta fita. Ƙugiya mai marufi tana hana wannan. Bel ya zagaya sandar hannun sau biyu ko uku, a rufe hannun har ya kulle, a naɗe jelar a ɗaure. Inda bel ya ratsa ƙarfe mai kaifi a sa guntun tib, a kuma nisanta shi da salansa mai zafi. Murɗa shi sau ɗaya a tsakiya yana hana shi kaɗawa da kuka a iska. A ƙarshe kama kariya ka girgiza da ƙarfi: motar ce ya kamata ta girgiza tare da babur kamar abu ɗaya.

Wata 'yar magana kan iska. Tayar wannan babur fam 4 zuwa 7 kawai take sha, gejin mai faci na gefen hanya kuwa ba ya karanta wannan da kyau, sai ya ɗura mata kamar ta mota. Taya mai tauri tana tsalle a bodi, wadda ke sacewa a hankali kuma tana sa bel ya saki a hanya. A duba da gejin da ya zo da babur.

Gadojin a tura su ƙarƙashin babur a ɗaure su da nasu bel.

A hanya da saukewa

Ƙara wa tayoyin bayan mota iska zuwa adadin lodi da ke kan takardar ƙofa. A mota mai ƙofa huɗu nauyin ya fi zama a bayan tayoyin baya, sitiyari zai yi sauƙi, fitilu za su ɗaga sama, birki zai yi nisa, kwana kuma tana son a shige ta a hankali. Ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya fito, ka tabbatar ana ganin lamba da fitilun baya. Rasit da takardun kwastan na babur su kasance a aljihun mota saboda shingayen bincike. Bayan kilomita 10 zuwa 15 na farko tsaya ka taɓa kowane bel, kusan kullum za ka sami wanda ya ɗan saki. Daga nan duk inda aka tsaya a sake dubawa, haka ma bayan an fita daga hanyar burji mai gargada.

Wajen saukewa a maimaita shirin hawa duka: wuri shimfiɗaɗɗe, dutse a taya, gada a ɗaure. Sake auna tazarar gadojin da tayoyin baya, domin babur yakan ɗan gusa a tafiya. Idan yashi ne, sa katako a ƙarƙashin ƙafar gada don kada ɗaya ta nutse. Tabbatar birkin babur a kulle yake kafin ka saki bel, ka kuma janye fuska, shokozoba za ta miƙe da ƙarfi. Buɗe famfon mai, tayar da inji, saka giyar baya, jikinka a kwance wajen mota, ka bar nauyinsa ya gangaro da shi kana sassauta birkin gaba, totur sai ɗan abin da zai fitar da shi daga bodi. Mataimaki ya sa ido a kan leɓen gada, domin yayin da nauyi ke barin mota bayanta yana ɗagowa da 'yan santimitoci, bel ɗin gadar da aka tamke tana ɗauke da lodi yana iya canza zama. Idan ya ga leɓe ya motsa, ya tsayar da kai a gyara kafin tayoyin gaba su bar ƙofa.